Mutuwar Kofur Zefanias ta Shekara-Shekara

A Malembane, in ka tambayi gidan Kofur Zefanias Guambe sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce gidan Marigayi, ko mai tallan ƙaguwa za ta nuna maka da haɓa: bayan kasuwar kifi, ƙofa mai shuɗin fenti. Mutumin nan kuwa da ransa, lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwon masararsa da miyar ganyen rogo har ya nemi ƙari. Sunan ya bi shi ne saboda aikin da rundunarsa ta ƙaƙaba masa. Shekara talatin da ɗoriya, duk ranar bikin runduna, shi ne yake mutuwa a bakin teku.

Rundunar tasu ta 'yan sauka ce, wato sojan ruwan da ba a barinsu a jirgi. A loda su a kwale-kwale, a kai su kusa da gaɓa, su dira cikin ruwa da takalmi da bindiga, su ƙarasa faɗan da ƙafa. Duk taƙamarsu a wannan dirar take. Zefanias yana cikin samarin da aka kafa rundunar da su, kuma abu ɗaya tak ya roƙa duk tsawon aikinsa: ranar biki a bar shi ya dira daga kwale-kwale, sau ɗaya, a gaban mutanen garinsu. A atisaye kam ya dira ba adadi, amma wa yake kallon atisaye? Tsuntsayen bakin ruwa ne kawai.

Abin ya samo asali ne tun ranar farko. Lokacin yaƙi ne, masu bindiga sun kama hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya a ƙarshen tudun yashi, aka kwashi sabbin kurata a jiragen masunta biyu na aro aka ce su je su ƙwato ta. Zefanias yana gaba, ya ɗaure takalmi tamau. Ruwa na kawowa ƙugu sai Saje Rungo, wani baƙin mutum mai murya kamar ta injin niƙa, ya dafe masa kafaɗa.

"Kai ba ɗan masunta ba ne?"

"Ni ne, Saje."

"To riƙe mana jirgin nan. In ruwa ya tafi da shi, a bayan uwarka za mu koma?"

Haka ya tsaya da igiya a hannu yana jin harbi daga bayan tudu. Kafin rana ta take an ƙwato hasumiya. Kowa ya dawo da labari a baki, har wanda ya ɓuya a rami sai da ya samu abin faɗa. Shi kuwa ya dawo da kanta a tafin hannu.

Da shekara ta zagayo aka ce za a yi biki, a maimaita saukar a gaban gwamna da jama'ar gari. Jirage akwai, 'yan badujala akwai, harsashin wasa mai ƙara kawai shi ma an samo. Sai aka tuna babu abokin gaba. Duk wanda aka nuna sai ya ce shi ai ya sauka ranar nan, ba zai yarda a mai da shi wanda aka kora ba. Saje Rungo ya waiga, idonsa ya faɗa kan mutum ɗaya da ba shi da wannan hujja.

Aka ba shi tsumman riga da tsohuwar bindiga, aka ce ya cire takalmi don ya fi kama da ɗan daji. Aka ce da ya ji harbin wanda ya fara dira, ya faɗi kawai. To Allah da ikonsa, daidai lokacin da bindiga ta tashi, Zefanias ya taka bushiyar teku, mai ƙayoyin nan baƙaƙe, da tsakiyar tafin ƙafa. Ya kwarma ihun da aka ji har kasuwar kifi. Ya yi sama, ya juya a iska, ya faɗo a gefe, ya yi birgima, ya miƙa hannu ɗaya sama yana karkarwa, sannan ya sanƙame saboda azaba. Mata suka fashe da kuka. Matar gwamna ta miƙe tsaye a rumfa tana dafe da ƙirji. Shi yana can yana kiran sunan uwarsa da gaske, su suna tafi.

A asibitin bariki ana cire masa ƙaya da allura, Saje Rungo ya shigo baki har kunne.

"Yaro, ashe baiwa gare ka! Baɗi ma haka nake so."

"Saje, ƙaya na taka."

"To ka riƙa takawa."

Kun ji yadda aka yi. Ranar gaske an bar shi a ruwa, ranar wasa an bar shi a tudu, kuma babu wanda ya ga abin haushi a ciki sai shi. Da wata shekarar ta zagayo, ya yi niyyar ɓata wasan, ya faɗi kamar buhu don a sallame shi. Amma da ya ga idon jama'a a kansa, har da masu hawa itacen kwakwa don su hango, sai kunya ta kama shi. Zefanias mutum ne da ko shara aka ba shi ba ya iya yin ta rabi. Wannan hali shi ya cuce shi, don mutuwar ta biyu ta fi ta farko kyau.

A wajen irin wannan mutuwa Otilia ta fara ganinsa. Tana tallan waina mai kwakwa, ta ga an bar gawa a rana ana can ana shan ruwan kwakwa da jarumai, tausayi ya kama ta ta kawo masa ruwa a kofi. Gawa ta buɗe ido ta ce ta gode. Da suka yi aure ba ta san ta sayi abin da zai bi ta har tsufa ba. Duk washegarin biki matan kasuwa sai sun taru a rumfarta da fuskar jimami.

"Otilia, ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi? Mutumin kirki."

"Ku dai ku kiyayi bakina."

"To yaushe za a yi makoki? Ko sai ya dawo daga aiki?"

Ta dawo gida ta dangwarar da tire. "Baban yara, ni fa na gaji da takaba. Mazan mutane suna fitowa daga ruwa ana guɗa, nawa ana jan shi da ƙafa. Yashin da nake kakkaɓewa daga wandonka ya isa ginin ɗaki. Ka je ka faɗa musu!"

Ya je kuwa. Ba kwamandan da aka kawo Malembane da Zefanias bai ƙame a gabansa ya sara masa ya faɗi buƙatarsa ba. Kowannensu sai ya yi dariya, ya bubbuga masa baya, ya ce, "Haba Kofur, bana manyan baƙi za a yi. Bari baɗi." Wani ma cewa ya yi, "Masu dira muna da su da yawa, mai mutuwa kai kaɗai ne." Ya faɗa ne a matsayin yabo, har yana jiran godiya.

In kana son tarihin rundunar nan, ba sai ka je ofis ba, ka tambayi kayan da aka sa wa Zefanias. Shekarar da aka yi sulhu, waɗanda ake kora daga hasumiya suka koma Maputo, babban birnin ƙasar, suka sa kwat suka shiga majalisa, sai aka ce ba daidai ba ne a ci gaba da harbe su a bainar jama'a. Zefanias ya ji daɗi, ya ce shi ke nan an gama da abokin gaba. Ina! Aka ɗaura masa jan ƙyalle a ka aka ce daga yau ɗan fashin teku ne. Bayan wasu shekaru aka rataya masa koma a kafaɗa aka ce ɓarawon kifi ne daga ƙasar waje. Da aka shiga zamanin fasa-ƙwauri aka ba shi jaka cike da garin rogo. Kaya na canzawa, mutuwar tana nan yadda take, har yara a makaranta sun haddace ta: tsalle, juyi, birgima, hannu sama.

Akwai lokacin da aka rage sojoji, manya suka rasa inda za su ajiye 'yan sauka. Sojan ƙasa suka ce ai ku 'yan ruwa ne, 'yan ruwa suka ce mu ba mu san sojan da ke yawo da laka a takalmi ba. Aka kwashe musu jirage ƙaf. Ka ɗauka za a fasa biki? Mutanen nan sai suka shiga teku da ƙafa tun kafin baƙi su zo, suka tsaya ruwa iya wuya suna rawar ɗari, da aka busa bigila suka fito da gudu. A shekarar Zefanias ya je wa kwamanda da hujja mai ƙarfi.

"Yallaɓai, kullum ana cewa babu wuri a jirgi. Bana babu jirgin ma. Teku ce, ta ishe mu duka."

"Daidai ne, Kofur. Amma ka ga bana da babu jirgi, in babu kai me mutane za su kalla?"

Ya sara, ya juya, ya fita yana cizon leɓe.

Shekarar babbar ambaliya ce kaɗai ya ɗauka sunansa zai wanku. An dawo musu da jirage, kogi ya cinye ƙauyuka, 'yan sauka suka shiga kwaso mutane daga rufin ɗaki da rassan itatuwa. A nan kam Zefanias ya nuna ɗan masunta ne. Ya yi iyo da jarirai a ka, ya goyo tsofaffi, fatar ƙafarsa ta yi fari ta saɓule. Rannan suka iske wata tsohuwa a kan itacen kashu, ta rungume reshe da akuyarta, ruwa na lasar zanenta. Ya miƙa mata hannu.

"Taho, Iya, ki riƙe wuyana."

Ta ƙura masa ido. "Tsaya. Ba kai ne mai mutuwar nan ba?"

"Iya, ruwa na ƙaruwa."

"Allah ya tsare ni! In shiga jirgin mamaci? A turo mini wani."

Sai da wani kurtu da bai iya ko riƙe filafili ba ya miƙa hannu sannan ta yarda ta sauko. Ta zauna a can ƙarshen jirgin ta juya wa Zefanias baya, ta toshe wa akuyar ido. Abokan aikinsa suka yi dariya har jirgin ya kusa kifewa. Shi bai yi ba. Ranar ce kaɗai, in ji Otilia, ya dawo gida ya zauna a ƙofar ɗaki bai ce a kawo abinci ba.

Daga baya aka kawo kwale-kwalen roba masu inji, tare da wasu Turawa masu horarwa da suka yi ja kamar dafaffen jatan lande a zafin ranar Malembane. Su ma da suka ga biki, babbansu ya tsallake jarumai duka ya zo ya tsuguna ya yi wa gawa musafaha, ya ce a ɗauke su hoto. Hoton yana nan a bangon ɗakin cin abincin hafsoshi. Saje Rungo ya yi ritaya ya mutu tasa mutuwar ta gaske, waɗanda suka dira ranar farko suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu da igiya uku wasu da tauraro. Zefanias yana nan kofur, don duk sanda maganar ƙarin girma ta taso sai wani ya ce ai bai kamata a riƙa harbe saje a gaban kurata ba.

Ana nan aka ce runduna za ta fara ɗaukar mata. Delfina, autar Zefanias, ta je ta ba da sunanta ba ta shawarci kowa ba. Yarinya ce doguwa marar yawan magana, ta tashi tana jan koma da kawunnanta, kafaɗarta ta fi ta wasu samarin. Otilia ta ɗora hannu a ka.

"Ɗaya bai ishe ni ba? Gidan nan soja ya ci mini miji, yanzu kuma 'ya?"

"Mama, ai ban mutu ba."

"Ubanki ma haka ya ce da farko."

Ranar tseren taɓo, wanda sai ka ƙetare shi ake ba ka hular runduna, Zefanias ya laɓe bayan itatuwan bakin fadama yana leƙe. Mata da yawa suka shiga, maza ma da yawa aka jawo su da igiya suna amai. Delfina ta fito a can ɗaya gefen, baƙa ƙirin da laka, haƙora kawai ake gani. Ita kaɗai ce macen da ta fita a zubin. Ya koma gida ta bayan kasuwa don kada a ga idonsa.

Shekarar ce kuma ta ritayarsa. Gwiwoyi sun fara ƙara in zai tashi, gashi ya yi fari, birgimar ma sai ya kwana biyu Otilia na gasa masa baya. Sabon kwamandan, Tembe, yaro ne mai fara'a da aka haifa bayan ƙwato hasumiya. Zefanias ya shiga ya ƙame, ya faɗi abin da ya saba faɗa, yana jiran ya ji baɗi.

"Baba Zefa, wai da gaske ba ka taɓa dira ranar biki ba?"

"Ko sau ɗaya, Yallaɓai."

"Kai, wannan ai zalunci ne. Bana kana jirgi. Na yi maka alkawari."

Zefanias ya tsaya bai motsa ba, sai da aka ce masa ya tafi sau biyu. Daga ranar gidan ya canza. Kullum da safe sai ya hau kan turmin Otilia ya diro, ya hau ya diro, yana riƙe da taɓarya a matsayin bindiga. Ya kai kakinsa wurin tela aka rage masa ciki. Otilia ta bi rumfunan kasuwa ɗaya bayan ɗaya tana shelar cewa bana duk mai gaisuwar mutuwa ta kai gidan ubanta. Tsarin ya yi kyau: jirage biyu, Delfina a na farko a matsayin mace ta farko da za ta sauka, ubanta a na biyu, wani kurtu kuma aka ce ya koyi faɗuwa.

Saura 'yan kwanaki, injin jirgi ɗaya ya yi tari ya mutu. Makanikai suka kwance shi suka baje a tabarma, suka ce abin da ya lalace sai an aiko daga Maputo, wato sai bayan biki. Kurtun da ke koyon faɗuwa kuma ya koya da ƙwazo har ya goce kafaɗa. Kwamanda Tembe ya kira Zefanias.

"Baba Zefa, jirgi ɗaya ya rage, dole a rage mutane. Akwai waɗanda ba na iya taɓawa, ka san yadda abin yake. Wuri ɗaya ne a hannuna, kuma naka ne. Ni ba na karya alkawari."

"Na gode, Yallaɓai. Delfina fa?"

"Af, ai na samo mata abin da ya fi. Ita za ta tsaya a tudu. Ka duba fa: mace ta farko, kuma 'yar Marigayi da kansa! Abin a jini yake. Jama'a za su haukace. Ita yarinya ce, ta dira baɗi."

Kai jama'a, wannan runduna! Mutum ya yi maka alheri da hannun dama, ya mare ka da na hagu, kuma fuskarsa fal murna yana jiran ka ce madalla. Zefanias ya fito yana gaya wa kansa ai shekara ɗaya ce. Yarinya ce, tana da lokaci. Shi fa? Shi ba shi da wata shekarar. Ya yi ta maimaita wannan har ƙofar gida.

A bayan ɗaki ya ji motsi. Ya leƙa ta jikin darni, sai ga Delfina ta share wuri a yashi, ta cire takalmi, ita kaɗai. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba, an ba ta aiki tana gwadawa. Ta ja da baya, ta yi kamar harsashi ya same ta. Ta yi sama, ta juya, ta faɗo a gefe, ta yi birgima, hannu ya tashi yana karkarwa. Sannan ta ƙara wani abu da shi bai taɓa yi ba: ta yunƙura kamar za ta tashi, ta kai gwiwa ɗaya, ta sake sulalewa a hankali. Tsigar jikin Zefanias ta tashi. Ya san aikin nan, kuma bai taɓa ganin wanda ya yi shi haka ba. In mutanen Malembane suka ga wannan sau ɗaya, yarinyar nan ta gama shiga jirgi har ta yi furfura.

Ta tashi tana kakkaɓe gwiwa, ta gan shi. "Baba, ya yi? Ko hannun ya yi sauri?"

"Wa ya koya miki wannan?"

"Tun ina goye nake kallonka."

"Ba ki ce wa Kwamanda komai ba?"

"Me zan ce? Shekara nawa kana jira. Ba komai, Baba, ni sai baɗi."

"Sa takalminki," in ji shi. "Kuma kada in ƙara ganin kin faɗi a gidan nan. Ko tuntuɓe kika yi, ki faɗi kamar buhu."

Ya juya ya koma bariki da ƙafa, a cikin rana, yana zagin injin, da makanikai, da bushiyar teku, da Saje Rungo a kabarinsa. Ya roƙi a ba Delfina wurinsa a jirgi, shi ya koma tudu. Kwamanda ya yi ta cewa shi fa ya yi alkawari, Zefanias ya ce ya yafe. Kwamanda ya ce to ai shi ke nan ma, uba a tudu 'ya a ruwa, wannan ya fi na da daɗin kallo. Zefanias ya sara masa don kada hannun ya yi wani abin.

Otilia ce ta kusa tayar da rufin ɗaki. "Na gama cika baki a kasuwa! Kuma tsaya, wa ke fara dira? Ba mai fara dira ne ke harbi ba? 'Yar da na haifa ce za ta nuna wa ubanta bindiga a gaban gari?"

"Harsashin wasa ne, Maman Delfina."

"Wasa a gidan wa? Ba za ni ba. Wallahi ƙafata ba za ta taka wurin ba."

Ranar biki tana layin gaba, ta ci ɗamara da sabon zane, fuska a murtuke.

Gari ya fito kaf. Rumfar manya ta cika, 'yan badujala na ta bugu, masu tallan gyaɗa da soyayyen kifi na kutsawa. Zefanias ya tsaya a wurinsa na kullum a gindin tudu. Bana baƙin ƙyalle aka naɗa masa a fuska, bai ma tambayi ko shi wane ne ba. Ya ƙudura zai yi musu mutuwar da za su daɗe suna zancenta, tunda ita ce ta ƙarshe.

Aka busa bigila. Jirgin ya taho yana tsaga ruwa, ya rage gudu, hancinsa ya ɗaga. Mutum na farko ya miƙe, ya dafa gefe, ya dira. Delfina ce, ruwa ya kai mata ƙirji. Ta ɗaga bindiga sama da ka, igiyar ruwa ta buge ta ta gefe, ba ta ko tangaɗi ba. Ta taho tana ture teku da cinya, ruwa na zuba daga hularta, mata suka ɓarke da guɗa tun daga kasuwar kifi har hasumiya. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye a nan, kullum hankalinsa na kan inda zai faɗi, bai taɓa tsayawa ya kalli mai fitowa daga ruwa ba. Ashe haka abin yake. Ya janye ƙyallen daga fuskarsa don ya gani da kyau.

Delfina ta durƙusa a gwiwa ɗaya, ta saita, ta harba.

Zefanias yana tsaye.

Ta sake harbawa. Yana tsaye, bindigarsa a rataye, baki buɗe, hawaye na bin gemunsa. Sauran sojojin suka fito suka jeru a bayanta, ba su da ikon wucewa sai abokin gaba ya faɗi. Mai ganga ya rikice ya tsaya. Daga rumfa Kwamanda Tembe yana ta yi masa alama da hannu, ƙasa, ƙasa. Jama'a suka fara ihu.

"Marigayi, faɗi mana!"

"Yau kuma lafiya? Ko ya sha maganin bindiga ne?"

Sai muryar Otilia ta keta ta kowa: "Ku bar shi ya kalli 'yarsa, marasa mutunci!"

Delfina ta tashi ta taho da gudu, tana ɗigar ruwa, har ta zo dab da shi. Ta ɗora bakin bindiga a gefen ƙafarsa, ba ta yarda ta nuna ƙirjinsa ba. Numfashinta na fita da ƙyar, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, don girman Allah ka mutu. Mutane na kallo."

"Na ga dirar," in ji shi. "Ba ki ko tangaɗi ba."

"Baba!"

Ya duba yashin, ya zaɓi inda babu dutse, ya dafa gwiwa ya zauna a hankali irin zaman tsofaffi, sannan ya kwanta a gefe ya yi matashi da hannu. Ba tsalle, ba juyi, ba birgima. Wani daga bayan taro ya ce a mayar masa da kuɗin motarsa. Zefanias ko a jikinsa. Idonsa biyu a buɗe, yana kallon 'yarsa ta tsallake shi ta haye tudu da gudu, sauran runduna na biye da ita.